Sunan Inna a Jikin Ganga

Landan ce zangona na farko, kuma a can na fara gane cewa iya gaisuwa daban, kirki daban. Mutumin da ya tarbe ni a filin jirgi ɗan ƙasarmu ne, Alhaji Sule, dogo mai ƙamshin turare. Ya gaishe ni tun daga gajiya har mutanen gida, ya tambayi lafiyar unguwarmu ta Ƙofar Ƙwaya kamar a can aka yanke masa cibiya. Shi ya shirya mini takardun makaranta tun ina Katsina, a shekarun da soja ke mulki, makarantunmu yau a buɗe gobe a rufe, ni kuma na gaji da zaman dakali. Makarantar da ya yi ta kurantawa ta zama ɗaki biyu a saman wani shagon wanki, da malami ɗaya wanda shi ne shugaba, shi ne kuma mai shara. Kafin in gama gane ramin da na faɗa, Alhaji Sule ya tashi daga gidan da yake, wayarsa ta daina shiga. Na yafe masa tuntuni, amma har yau in na ji irin turarensa sai na dafe aljihuna.

Abin da na tsira da shi bai wuce akwatina ba, da rigar sanyin da na saya a gwanjo, wadda aka ɗinka don sanyin wata ƙasa ba wannan ba, sai wani ƙulli da Inna ta cusa mini a ƙasan kaya. Inna ita ce mahaifiyata. Kunun zaƙi take sayarwa tun kafin a haife ni, kuma daga Ƙofar Ƙwaya har Gobarau in aka ce kunun gidanmu ba a ƙara bayani. Ƙullin na kayan ƙamshinta ne, citta da kanumfari da masoro da kimba, ta daka da hannunta ta ɗaure a yankin tsohon zaninta. Ba ta ce mini komai a kansa ba. Dama ni ɗan fari ne, akwai kunya tsakaninmu. Ba ta faɗin sunana, sai dai ta ce “yaron nan”, ni ma ban taɓa buɗe baki na faɗi nata ba. Ku riƙe wannan, don shi ne ya kusa raba ni da mutumin da ya fi kowa yi mini alheri a ƙasar.

Zango na biyu gonar kabeji ce, can gabas, inda ƙasa take shimfiɗe ba tudu ba kwari, iska kuma ba ta da abin da zai tare ta sai mu. Mu da yawa muke kwana a wata tsohuwar mota mai gado, kowa da yarensa, kowa da warin safarsa. Shugaban aikin yana da sikeli mai tausayinsa: kwandon da ya kusa karya maka baya, in ya hau sikelin sai ya zama na yara. A lokacin ban iya rigima da Turanci ba, sai in yi ta da Hausa a zuci, kuma kullum ni ke yin nasara. A nan ne wani Baturke da ba mu jin maganar juna ya ga yatsuna sun tsattsage, ya cire safar hannunsa ɗaya ya ba ni, muka yi makonni kowa da hannu ɗaya a rufe. Da safe kafin a fita nakan kwance ƙullin Inna in sansana in mayar, ban yarda na taɓa ko ƙwaya ba. Haka na yi ta fama har Allah ya sa wata ƙaramar kwalejin sana'a a arewacin ƙasar ta karɓe ni koyon gyaran firji da na'urar sanyaya ɗaki. Abokan aikina suka yi ta dariya, wai mutum ya baro zafi ya zo ƙasar ƙanƙara koyon yin sanyi.

Zango na uku shi ne na Baba Alfi. Na wuni ina neman ɗaki a ƙauyen da ke kusa da kwalejin, ana ruwa, kuma duk ƙofar da aka buɗe aka ga fuskata sai ya zama yanzun nan aka kama ɗakin. Ƙofar ƙarshe wani gajeren tsoho ya buɗe, mai jan hanci da kaurin hannu, Baba Alfi ke nan. Bai dubi fuskata ba, takalmana ya duba.

“Shigo ka bushe tukuna,” ya ce. “Maganar ɗaki daga baya.”

Tsohon ma'aikacin jirgin ƙasa ne, matarsa ta rasu, 'ya'ya babu. Tun kafin in gama shan shayin da ya ba ni ya gaya mini cewa giya yake dafawa a rumfar da ke bayan gidan nasa, kaɗan-kaɗan, yana kai wa mashaya ɗaya tal da ke ƙauyen. Na ce masa ni Musulmi ne, ba na sha, ba na ɗauka, ba na miƙawa. Ya ce ba komai, ni da lambu da faskaren itace, shi da tukwanensa. A kan haka muka shirya, na samu ɗaki a sama wanda tagarsa ke kallon rumfar.

Abin da ban yi tsammani ba shi ne ƙamshin. Tsiron sha'ir ake kawo masa a buhu, ya gasa wani sashe har ya yi baƙi, ya ɓarza, ya jiƙa a ruwan zafi, ya tace, ya dafa. Duk ranar da ya ɗora tukunya sai in farka ina zaton a tsakar gidanmu nake, Inna na tuƙa gasara, ƙannena na rigimar wanda zai lashe muciya. Ai aikin ɗaya ne, ita dai gero ne da tsiron dawa. Da farko nakan rufe taga ina a'uziyya. Daga baya na fara barin ta a ɗan buɗe, ina gaya wa kaina ɗakin ne ke bukatar iska.

Da sanyi ya kama sosai tari ya kwantar da Baba Alfi, irin wanda ake jin sa daga hawa na sama. Maganin asibiti ya yi nasa, bai gama ba. Ranar na kwance ƙullin Inna, karo na farko da niyyar ɗiba, na dafa masa shayi da shi. Ya riƙe kofin a ƙarƙashin jan hancin nan nasa ya daɗe bai sha ba. Da ya kurɓa sai ya lumshe ido.

“Lowel,” haka yake kiran sunana, Lawal, “wa ya haɗa wannan?”

“Mahaifiyata.”

“Tana da hanci. Wannan mai warin hayaƙin fa, me ake ce masa?”

“Kimba.”

“Ita kuma yaya sunanta?”

A wurinsu tambaya ce kamar ta ƙarfe nawa. Na so in ce Inna, na san zai ce wannan ba suna ba ne. Ga tsoho a kwance yana jira, ga kewar gida, sai kawai na ji bakina ya faɗa. Ya maimaita a hankali don kada ya ɓata shi. Ba zan rubuta shi a nan ba, sau ɗayan nan ma ya isa.

Da ya warke ya sake yabon shayin. To a gidanmu in mutum ya yaba abu har sau biyu an gama magana, nasa ne. Na raba ƙullin na ba shi kaso mafi yawa, na ce tsaraba ce daga Katsina. A raina shayi zai riƙa sha. Shi kuma a ransa, tunda na san sana'arsa na kuma ba shi kayan ƙamshi masu yawa haka, ai na gaya masa abin da zai yi da su. Rashin sani ya fi dare duhu, kuma ranar mu biyun ne a cikinsa.

Bayan wasu makonni, ana gab da azumi, wata Asabar da rana ina lambu ya ƙwala mini kira, ya ce in wanke hannu in zo akwai abin da zai nuna mini. Ban taɓa ƙetare dokin ƙofar rumfar nan ba. Na tsaya a bakin ƙofa, ya jawo ni da hannun riga. A ciki akwai wasu tsofaffin abokansa, da Madam Jini mai mashayar ƙauyen, mace mai jiki da muryar maza. Kowa da kofin gilashi babu komai a ciki. Baba Alfi ya sa rigarsa ta zuwa coci.

Ya yi bayani yana kallona. Kowace shekara in sanyi ya shigo yakan dafa ganga ɗaya ta baƙar giya da suke kira fota, kowace shekara da irin ƙamshin da yake sa mata, kuma yakan raɗa mata sunan wata mace da yake ganin girmanta. Ta farko sunan matarsa ya sa. Wata shekara sunan nas ɗin da ta yi jinyarta. Al'adarsa kuma ita ce kofin farko na ɗan'uwan mai sunan ne. Ya murɗa famfon gangar, abin ya zubo baƙi ƙirin, kumfa mai launin ƙasa ta taru a sama. Ya miƙo mini da hannu biyu.

Na karɓa kafin in yi tunani, don hannun ɗan Katsina ba ya barin hannun tsoho a miƙe. Ƙamshin ya bugi hancina: gasasshen hatsi, citta, kanumfari, can ƙasa kuma kimba. Ɗakin girkin Inna ne sak, sai dai da wani tsami a bayansa wanda ba a taɓa bari ya shiga gidanmu ba. Na ɗaga kai don in ɓoye ƙwallar da ta taru mini, sai idona ya sauka a jikin gangar. An rubuta sunan da farin alli, manyan baƙaƙe, ba kuskure ko ɗaya. Har ya zana ɗan fure a gefe.

Babu Bakatsine ko ɗaya a ƙauyen da zai gani ya kai labari gida. Amma ni na gani. Na ajiye kofin a kan benci a hankali.

“Baba, ba zan iya sha ba.”

“Ɗanɗano ne kawai, yaro, ba sha ba. Ka jiƙa leɓe.”

“Ko shi ba zan iya ba. Kuma ina roƙonka, don girman Allah, ka goge sunan nan.”

Madam Jini, don ta rufe ɓarakar, ta ɗauki kofin ta ɗaga shi wajen hasken taga, ta sansana, ta kurɓa ta riƙe a baki. Ta ce da farko gasasshen burodi ne, sai hayaƙi ya biyo, sai wani ɗumi ya tare mutum a maƙogwaro ya ƙi tafiya. Ta ce Alfi bai taɓa yin kamar wannan ba, kuma Asabar mai zuwa za ta rubuta sunan a allon ƙofar mashaya. Ba zan ɓoye ba, a cikin wannan tashin hankalin wani lungu na zuciyata cewa ya yi, to da fa, hannun Inna ne. Baba Alfi bai ko dube ta ba.

“Sunan matata na fara rubutawa a jikin gangar nan,” ya ce. “Kana nufin wulaƙanta ta na yi?”

Turancina ya gudu ya bar ni. Na fita.

Kwanakin da suka biyo baya sun fi na gonar kabeji sanyi. Mukan haɗu a matakala ya ce ina kwana ba tare da ya ɗaga kai ba. Na san in ya ce in tashi ba ni da inda zan nufa, ga jarrabawa ta matso, ga ƙofofin ƙauyen na riga na san halinsu. Amma ba ɗakin ne ya fi damuna ba. Shi kaɗai ne a duk ƙasar yake tambayata ko na ci abinci. In na yi shiru sunan Inna ya hau allon mashaya, in na matsa na rasa shi, gaba kura baya sayaki. A haka azumi ya kama, na riƙa buɗe baki da ruwan famfo da burodi ni kaɗai a ɗaki.

Ranar Alhamis ina faskare ya zo ɗibar itace. Na ajiye gatari, na ce ko a mutu ko a yi rai.

“Baba, mahaifiyata ma sana'arka take yi. Sai dai ita a rabin hanya take tsayawa.”

Ya tsaya da itace a hannu. Na gaya masa yadda take jiƙa gero, ta kai niƙa, ta dama da tafasasshen ruwa, ta zuba tsiro don ya kawo zaƙi, ta tace, ta sa kayan ƙamshi. Ya fara gyaɗa kai, don yaren da ya sani ne. Na ce a zafin garinmu kunun nan in ya kwana sai ya fara tsami yana ƙananan kumfa, in ya ƙara kwana ya kama hanyar zama abin da ke cikin gangarsa. Saboda haka duk abin da ya rage da yamma sai ta raba wa maƙwabta, wanda ya rage bayan nan kuma ta tuntsurar da shi a kwata. Na ce na sha ganin ta zubar da shi a ranar da ba mu da cefane, in an yi magana ta ce kunu ba ya kwana a gidanta. Duk rayuwarta abu ɗaya take tsaro, kada sunanta da maye su haɗu a bakin mutum ɗaya.

Ya ɗago kai ya dube ni.

“Da hannunta take zubarwa?”

“Da hannunta.”

“Na taɓa zubar da ganga guda don ta ɓaci,” ya ce. “Na yi kwanaki ban yi wa kowa magana ba. Ita kuma kullum?”

“Duk ranar da ya rage.”

Ya wuce da itacensa. Ranar Asabar daga tagata na ga ana ɗora gangar a mota. Wurin da sunan yake ya zama farin shafe, hannun rigar Baba Alfi kuma duk alli. Daga baya Madam Jini ta gaya mini ya hana a sa mata wani suna, har mutanen ƙauyen suka riƙa cewa a ba su marar suna.

A lokacin sanyi ranar ƙasar ba ta da ƙwari, kafin ka gama la'asar ta fara haɗa kayanta. Washegari ina zaune da burodina ina jiran ta faɗi, aka ƙwanƙwasa ƙofa. Baba Alfi ne, riƙe da jug naɗe da tawul da kofuna biyu.

“Na tsaya a rabin hanya,” ya ce. “A tukunyar miya na dafa shi, ba ta taɓa ganin yis ɗin da ke mayar da shi giya ba. Yanzu na sauke. Rana ta faɗi ko in jira?”

Na leƙa taga, na ce ta faɗi. Ya zuba. Baƙi ne kamar wancan, amma babu kumfa, babu tsami, sai tururi. Na yi bisimilla na kurɓa. Zaƙin tsiro ne ya fara zuwa, sai ɗan ɗacin hatsin da aka gasa, sai citta da kanumfari, sai kimba wadda ya ɗan cika mata hannu. Ba kunun Inna ba ne, ba shi da kaurinsa, amma tun da na bar gida ba abin da ya kai ni kusa da tabarmar buɗe-bakinmu kamarsa. Na yi kuka sosai, irin wanda ban yi ba a Landan, ban yi ba a gonar kabeji. Shi kuma ya juya yana nazarin labulen tagata kamar bai taɓa ganinsa ba.

“Shanye duka, yaro,” ya ce. “An ce ba ya kwana.”

Haka ya riƙa yi mini lokaci-lokaci har azumi ya ƙare, kayan ƙamshin ma suka ƙare tare da shi.

A ɗakin girkinsa muka ji a rediyo cewa sojojinmu za su miƙa mulki ga farar hula. Ya dube ni ya ce, “Za ka koma ke nan.” Na ce sai na gama karatu. Na gama, ya raka ni tashar jirgin ƙasa da rigar cocin nan tasa, ya yi ta faɗa da ma'aikatan wai a zamaninsa jirgi ba ya makara. Na iske Katsina ta cika da hotunan 'yan siyasa har a jikin katangar gidanmu, kowane mai shayi ya zama masanin tsarin mulki. Na kafa rumfar gyaran firji a Ƙofar Ƙwaya, inda nake har yau.

Na daɗe ban ba Inna labarin ba. Wata safiya tana tace kunu, ni ina zaune a kan turmi, sai na fara, ina kallon ƙasa. Da na zo wurin gangar hannunta ya tsaya a kan rariya.

“Mi ka ce ya rubuta?”

Ta riga ta ji, ba ta sake tambaya ba. Na ci gaba har zuwa jug ɗin da aka naɗe da tawul.

“Shi da kanshi ya goge?”

“Da hannun rigarshi, Inna.”

“To ya san mutunci.” Ta ci gaba da tata. Can ta ce, “Kuma ka ce kimba ta yi yawa? Ai Bature bai san kimba ba. Kaɗan ake sa mata.”

Na ɗauka magana ta ƙare. Da la'asar na dawo daga rumfa na ji daka a tsakar gida. Ta tashe ni daga tunani da wani sabon ƙulli, ya fi nawa na da girma, an ɗaure shi a yankin zani mai kyau, ba tsoho ba.

“Ka aika mashi. Ka ce a sha da zafi, kar a bari ya kwana.”

Yanzu duk su biyun ba sa duniya, kuma duk azumi in aka sauke kunu a gidana sai na tuna su tare, mutum biyu da ba su taɓa ganin juna ba. Amma abin da ya fi dawo mini shi ne abin da ya biyo baya. Na karɓi ƙullin, tsokana ta motsa mini, na ce, “In ce mashi in ji wa?”

Ta juya ta ɗauki taɓarya tana goge ta da gefen zani, ba ta dube ni ba.

“Ka ce in ji uwar Lawal.”

Ranar ce kaɗai na taɓa jin sunana a bakinta.